Akuyar Da Na Biya Saboda Fuskar Kakarku

Kun daɗe kuna ba da labarin nan a karkace, ni kuma na daɗe ina jin ku ina shiru. Duk Kirsimeti, da zarar an ci an ƙoshi, sai ɗayanku ya tayar da shi: wai Baba ya taɓa goge fuskar surukarsa daga kwamfuta a gaban matan zumunta, har aka ci shi tarar akuya. Akuya dai an biya, wannan ba ƙarya. Baƙa ce mai farin goshi, ni na jawo ta da igiya tun daga kasuwa tana tirjewa. Sauran kuwa ku zauna ku ji daga bakin mai ita. Gwiwa ta fara yi mini gardama, ido yana neman tabarau, ba na so in tafi in bar jikoki da labarin da ba kai ba gindi. Kun san a aji huɗu na tsaya da boko. In kun ga rubutu ya karkace ku gyara a zuci, amma ku bar mini maganata yadda take.

A shekarar ina nan da rumfata ta gyaran janareta a bayan gida, nan Kafanchan. Matan zumuntar cocinmu suka zauna suka ga tsofaffi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi da waƙoƙin yare a cikinta, yara kuma ko gaisuwa da yarenmu na Jju sai sun yi tuntuɓe. Suka ce a ɗauki muryoyin waɗanda suka rage kafin ƙasa ta rufe su. Wata 'yar cocinmu da ke aiki a Abuja ta aiko da tsohuwar kwamfuta irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, da makirfo. Wuta a unguwarmu kun san halinta, baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi. Gidan da janareta ba ya yankewa shi ne gidan mai gyara, don haka aka kawo kwamfuta falonmu ba tare da an tambaye ni ba. Uwarku Saratu ce ta amsa musu a madadina, kamar yadda ta saba. Wanda ya haɗa wayoyi ya saita komai shi ne Malam Bitrus, malamin sakandare, wanda a lokacin yake zarya a gidan nan saboda 'yar'uwarku Alheri. Ni aikina biyu: in tayar da janareta, in danna botin kunnawa. Babbar mai waƙa kuwa ita ce kakarku, Kaka Kuyet, uwar Saratu. Aka ɗauko ta daga Fadan Kaje da sandarta da ƙullin kayanta, ta zauna da mu duk daminar.

In ka danna kwamfutar nan ba ta buɗewa kai tsaye. Allon yakan yi baƙi ƙirin, sai fararen rubutu su fara hawa daga ƙasa zuwa sama, layi bayan layi, kamar tururuwa sun sami sukari. Turanci ne, irin wanda ko Bitrus ya ce ba duka yake ganewa ba. Ni a ciki abu ɗaya na iya karantawa, wato OK, kore shar a farkon kowane layi. Amma ba sai ka iya yaren inji kake sanin lafiyarsa ba. Shekara talatin ina sauraron janareta, ban taɓa jin wanda ya yi Hausa ba. Cikin sati biyu na haddace tafiyar rubutun nan: ya zubo da gudu, ya ɗan tsaya a wani dogon layi kamar mai haɗiye miyau, ya sake zubowa, ya tsaya sau biyu gajeru, sai allo ya waye. Kullum haka. Nakan tsaya da kofin shayi ina kallo, raina yana yi mini daɗi, don ban taɓa ganin injin da yake faɗa maka da kansa cewa wannan gaɓa lafiya, wancan ma lafiya, kafin ya fara aiki ba. Da janareta yana haka da ban tsufa da wuri ba.

Matan kuwa sun tsani wannan baƙin allo. Duk wadda ta shigo ta tarar da rubutu yana gudu sai ta dafe ƙirji ta ce ta lalace, a kira Malam. Mama Tabita, shugabar zumunta, takan tsaya a bakin ƙofa sai an ce mata ya wuce. Kakarku ta fi kowa. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai "shi" ne. Ranar farko ta kalli allon, ta kalli Saratu, ta ce:

"Abin da yana rubutu kafin ya gaishe ka, ba abin kirki ba ne. Haka masu haraji suna yi."

Aka yi dariya, amma ita ba wasa take yi ba. Tana ganin sunayenmu ake rubutawa ana aikawa wani wuri. In an sa mata makirfo sai ta juya wa kwamfuta ƙeya, ta rera waƙar coci guda biyu da kowane yaron makarantar Lahadi ya sani, ta ce ta gaji. Wata guda ana haka. Matan da suka bar gonar citta suka zo suna komawa da guntun tsaki.

Bitrus ne ya samo dabara, kuma ina so ku rubuta wannan a ranku, don dabara ce mai kyau. Wata Asabar ya zauna ya yi ta danne-danne, ya ce in kashe in sake kunnawa. Na kunna. Babu baƙin allo, babu rubutu. Sai ga kakarku ta cika allon, cikin zanin zumunta da farin ɗankwali, hoton da aka ɗauke ta a taron mata, tana dariya har ana ganin wawulonta. A ƙarƙashin haɓarta wasu 'yan ɗigo suna zagayawa. Mama Tabita ta rangaɗa guɗa har kajina suka watse. Kaka ta matso da sandarta, ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta taɓa kumatun hoton, sannan ta ja kujera ta zauna fuska da fuska da shi.

"To, yanzu ya san ni," in ji ta.

Daga ranar bakinta ya buɗe. Ban san tsohuwar nan tana ɗauke da kaya haka ba. Waƙar niƙa a dutse, waƙar noman gayya, wadda ake yi wa tagwaye, wadda mata suke yi in maza sun dawo farauta hannu wofi, waƙoƙin coci na farko-farko da aka juya zuwa yare tun kafin a haife ni. Wata rana ta yi wadda ta yi wa kakanku lokacin yana nemanta, uwarku ta fita bayan gida ta yi kuka ta dawo tana dariya. Sauran tsofaffi da suka ji labari suka fara zuwa da kansu, kowace tana so ta ga injin da ya san Kuyet. Gidan nan ya koma kamar gidan biki. Kullum tukunyar kunu a wuta, kullum takalma a ƙofar falo har ba wurin taka ƙafa. Kunna kwamfuta ma ya zama sujada: ba a yarda in danna ba sai mata sun taru, Mama Tabita ta yi addu'a, fuska ta fito a tafa. Ba zan ɓoye ba, waƙoƙin da kuke ji yau, da ba don hoton nan ba da rabinsu suna kabari.

Ni kaɗai ne abin bai yi wa daɗi ba. Ji na yi kamar an ba ni inji an toshe mini kunne. Na tari Bitrus a rumfa na tambaye shi ina rubutun ya tafi. Ya ce yana nan yana gudu a bayan hoton, rufe shi kawai aka yi. Ya yi mini bayani da ladabi, hannu a baya, irin na mai neman aure. Ya ce yawancin mutane rubutun ba ya gaya musu komai sai tsoro, kuma abin da mutum yake tsoro ba ya amfani da shi. Ya ce duk sababbin kwamfutoci da wayoyi haka suke yanzu, hoto suke nunawa.

"Baba, ko mota ai da bonet ake sayar da ita. Ba wanda yake so ya ga hanjin inji yana tuƙi."

"Bonet ana buɗe shi," na ce. "Ina mabuɗin naka?"

Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankali, in wani abu ya taso shi zai duba. Na bar shi. Mai neman 'yarka ba ka cika ja da shi, kada a ce kana korar baƙo.

Da aka hana ni gani sai na koma lissafi da ƙafa. Da farko in na danna, kafin Mama Tabita ta gama gyara ɗankwali an buɗe. Bayan wasu makonni sai in danna, in fita in watsa wa kaji dawa, in dawo ɗigon nan suna ta zagaye. Daga baya har in leƙa rumfa in gaisa da maƙwabci. Matan ba su damu ba, ƙarin lokacin kallon hoto suka samu. Sannan in na durƙusa kamar ina gyara waya, ina jin wata 'yar ƙara a cikin akwatin, ƙis, ƙis, kamar gyare ya shiga buhu. Na gaya wa uwarku. Ko ɗaga kai ba ta yi daga tsinkar gauta ba, ta ce kishi ne ke damuna don ba hotona aka sa ba, in ina so a sa ni da baƙin mai a goshi sai in yi magana. Na gaya wa Bitrus. Ya ce tsufa ne kawai, kuma dama yana da niyyar kwafe waƙoƙin zuwa wani wuri, bari ya gama makin jarrabawa. Wato duk abin da tsofaffin nan suka zuba wata uku, a cikin akwati ɗaya yake, mai kukan gyare, babu na biyu.

Tunda ya ce rufewa aka yi, na san akwai mabuɗi. Ba a taɓa yin murfin da ba shi da kusa ba. Sai na fara neman sa a ɓoye. Kowace safiya in hoto ya fito, mata suna tafi, sai in sa tsumma kamar ina share ƙura a kibod, in danna boti ɗaya. Na fara da baƙaƙen da na sani, A, B, C, har na ƙare su. Na bi lambobi. Ba abin da ya motsa. Fiye da wata guda ina wannan sata, har Mama Tabita ta yaba mini a gaban mutane, ta ce ba ta taɓa ganin namiji mai tsabta irina ba.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, kuma ba ƙaramar rana ba. Matan zumunta daga Madakiya suka cika mota suka zo ganin abin mamaki, da matar fasto a gaba. Falo ya cika, wasu a taga. Kakarku ta sha zaninta mai kyau, an zaunar da ita a kujerar tsakiya kamar amarya. Aka yi addu'a, na danna, fuska ta fito, baƙi suka ɗauki guɗa. Ni kuma hannu ya riga ya saba. Na ɗauki tsumma, yatsana ya sauka a kan wani ɗan boti can kusurwar hagu ta sama, wanda ban taɓa kula shi ba.

Fuskar ta ɓace. Kamar an hura fitila. Allo ya yi baƙi, rubutu yana hawa, guɗar matan Madakiya ta tsinke a tsakiya. Ni ban ma ji shirun ba, don idona yana kan allo. Inda na saba ganin kore, ja ne. Ba layi ɗaya ba. Layi iri ɗaya yana maimaita kansa, ya tsaya, akwati ya yi ƙis ƙis, ya sake fitowa. Wurin da yakan haɗiye miyau sau ɗaya, ya tsaya har na ƙirga numfashina ashirin. Da ƙyar, da jan ciki, allon ya waye.

Mama Tabita ce ta fara samun baki. Ta ce Ishaya, me ka yi wa Mama? Uwarku ta ce in kashe in sake kunnawa yanzu-yanzu fuskar ta dawo, baƙi ba su gama gani ba. Matar fasto ta ce haka ne, a kashe a kunna. Duk falon ya ɗauka. To ni akwai abu ɗaya da na sani wanda ba malamin da ya koya mini: injin da ya tashi da ƙyar ba a kashe shi. Na sha ganin janareta ya tashi a ja na goma, mai shi ya kashe don ya gwada, shi ke nan sai gawa. Na ce ba za a kashe ba, a je a kira Malam Bitrus. Aka ce a kashe tukuna. Na ce a'a.

Sai kakarku ta miƙe. Ta sha ganin inda nake kashe soket a bango in an gama. Ta dogara sandarta ta nufi wurin, mata suna buɗa mata hanya. Ku da kuka tashi yanzu ba za ku gane nauyin abin ba. Shekara ashirin da shida ina auren 'yarta, ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, in mun haɗu a hanya ni ke sauka cikin ciyawa. Ranar na sha gabanta. Ta miƙa hannu wajen soket, na kama wuyan hannunta, da hannuna mai baƙin mai, a gaban matan gari biyu.

"Mama, koma ki zauna."

Wata daga cikin baƙin ta ce Yesu. Uwarku ta ɗora hannu biyu a ka. Kaka ta kalli hannuna, ta kalli fuskata, ta koma ta zauna. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alheri ta hau mashin ta ɗauko Bitrus daga makaranta inda yake makin jarrabawa, da jan biro a aljihu. Ya duba inda kwamfuta take ajiye bayanin tashinta, ya karanta, na ga gumi ya tsatso masa a hanci. Ya ja ni waje wajen janareta inda ƙara za ta rufe mu. Ya ce abin da ke riƙe waƙoƙin a ciki, had dis, mutuwa yake yi, kuma da alama ya daɗe yana faɗa a bayan hoton. Ya ce da an kashe, da wuya ta sake tashi. Ya ce zai shiga ya gaya musu laifinsa ne, shi ya rufe, shi aka gaya wa bai duba ba. Na kalle shi. Yaron kirki ne, Alheri tana son sa, kuma a gidan su Saratu in Kaka ta ce a'a, magana ta mutu. Ga Mama Tabita da wani ɗan ƙaninta ma'aikacin banki da take ta turo mana shi da lemo neman Alheri. Na ce masa ya rufe bakinsa ya je ya nemo abin kwafewa, ni na riga na shiga ruwa, ba amfanin mu jiƙe mu biyu. Da muka koma ciki matan suka yi masa caa, ya buɗe baki, na riga shi. Na ce ni na taɓa abin da ba a sa ni ba, Malam zai gyara.

Ya samo wani ɗan akwati wajen abokinsa a kasuwa, ya jona, aka fara kwafewa. Abin yana tafiya kamar hawainiya, ya yi kaɗan ya tsaya ya yi tunani. Ni kuma yaƙina a waje yake, don in janareta ya yi tari sau ɗaya an gama. Mai ya kusa ƙarewa, kuma ba a zuba wa inji fetur yana aiki sai wanda ya gaji da duniya. Na cire tiyon da ke ƙarƙashin tanki, na matse da yatsa, na jona wani daga jarka da na rataye a reshen mangwaro, inji bai ko lura ba. Wajen ƙarfe biyu hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, ruwa ya sauko. Na ɗauko fallen kwano na riƙe a kan janareta, ni ina waje ruwa yana bin bayana. Ba wadda ta miƙo mini ko kofin kunu. Amma ina jin su a ciki, tunda ba abin yi, matan Madakiya da namu suka fara waƙa suna amsa wa juna, da tafi da buga kujera. Ina tsaye kamar jiƙaƙƙen zakara, na sami kaina ina kaɗa ƙafa.

Wajen biyar Bitrus ya leƙo ta taga ya ɗaga mini babban yatsa. Duka sun fita, ban da guda uku da suka ƙi, waɗanda Kaka ta yi a satin ƙarshe. Sai a lokacin na yarda aka kashe. Mama Tabita ta ce to yanzu a kunna a ga fuskar Mama. Aka danna. Ƙis, ƙis, ƙis. Ko rubutu bai fito ba, balle hoto. Rabin matan suka gane abin da ya faru. Rabin suka tafi gida suna cewa Ishaya ya kashe kwamfuta. Wannan rabin ne suka rene ku, shi ya sa labarin ya iso muku haka.

Gaskiya daban, ladabi daban. Ko waɗanda suka yarda na ceci waƙoƙi sun ce kama hannun suruka kama hannun suruka ne. Kwana uku uwarku tana ajiye mini tuwo ba ta ce ga shi ba. Ƙanin Kaka ya zo daga Fadan Kaje da hularsa, aka zauna da dattawan coci biyu, aka yanke: akuya, da kiret na lemo, da ba da haƙuri a durƙushe. Ban yi musu ba. Na kama hannun, ai ban manta ba.

Bayan sati biyu aka yi zaman a tsakar gidan nan. Bitrus ya riga ya sa wa kwamfuta sabon had dis ya mayar da waƙoƙi. Na durƙusa a gaban Kaka na faɗi abin da ake faɗa. Ta bar ni a ƙasa har gwiwa ta fara ƙara, sannan ta sunkuyo kamar za ta sa mini albarka, ta yi magana da yare a kunnena yadda ba wanda zai ji. Ta ce ta ga fuskar malamin nan ranar, ta san akuyar nan mutum biyu ya kamata su jawo ta, amma yaron zai riƙe Alheri da kyau, don haka in ci gaba da rufe bakina. Daga nan ta ɗaga murya ta ce ta yafe. Ni da ita muka riƙe wannan har Ubangiji ya kira ta bayan shekara biyu. Yanzu da Bitrus yake da 'ya'ya uku da tumbi, ba abin da zai same shi in kun sani.

Ana cikin cin nama gardama ta tashi, don Bitrus ya tambaya yadda za a bar kwamfutar, da hoto ko da rubutu. Mama Tabita ta ce hoto, ba ta son ganin baƙin allon nan har abada, shi ya kawo duk fitinar. Na ce ba allo ya kawo fitina ba, shi ya faɗe ta. Na ce abin da yake ciwo yana murmushi shi ke kashe mai gida. Wani dattijo ya ce mutanen da ba su iya karatu ba fa, me rubutu zai yi musu? Na ce ni ma ban iya ba, amma na san ja da kore. Uwarku ta ce in da rubutun aka bari, da Mama ba ta yi waƙa ko goma ba, sai in adana kore in dafa. Wannan ta kama ni. Aka juya wajen Kaka, tana fama da ƙashi. Ta ajiye, ta share baki.

"Mace yana ɗaura zani ya fita kasuwa. Amma in ya je wurin ungozoma, yana ɗagawa. Ku bar hoto. Ku bar ma Ishaya botin shi."

Dattawan coci suka sunkuyar da kai, mata suka fashe. Haka aka yi. Bitrus ya ɗiga jan fenti a kan botin, kowace Litinin kafin mata su zo nakan ɗaga zani in duba. Har yau ra'ayina ke nan a kan duk wani inji da ake yi wa kwalliya, waya ce ko kwamfuta: a sa hoto, mutane su shigo ba tsoro, amma a bar ƙofa, kuma a gaya wa mai tayar da inji inda take. Kada a bar shi yana share kibod wata guda.

Saura waƙoƙi uku da suka ɓata. Da yamma ta yi, ciki ya cika, aka fito da makirfo har tsakar gida. Kaka ta yi ta farko, ta yi ta biyu, muryarta ma ta fi ta da. Ta uku ta neme ta ta rasa. Aka yi ta tuna mata, ta ce ba ita ba ce, ta tafi, a bar ta. Sai ta ce tunda an ci mata waƙa ɗaya, za ta biya kanta da sabuwa, kuma ni za ta sa in danna botin ɗauka. Na danna. Ta gyara zama ta fara, nan take, ba shiri. Da yare ne, amma ga abin da take cewa: surukina mai baƙin hannu, ya kama ni kamar ɓarauniyar kaza, ya tsaya a ruwa da kwano a ka, akuyarsa ƙashi ya fi nama. Mata suna amsawa, ƙashi ya fi nama. Uwarku ce ta fi kowa ɗaga murya. Aka tashi aka yi rawa har ƙura ta tashi a ƙasar da ruwan damina ya daka, aka jawo ni tsakiya, na taka da wannan gwiwar.

Na sa Bitrus ya kwafe ta wuri uku tun kafin a wanke tukwane. Ita ce wadda kuka sa aka saka a lasifika a bikin auren 'yar'uwarku Godiya bara, kuka ce waƙar Kaka ce mai daɗin rawa. Da kun riƙe yare da kun san ubanku ake wankewa. Ku ci gaba da rawarku.